Jinin da Ya Ƙi Daskarewa: Darasi Daga Karnuka da Kyanwoyin Kudancin Kano

Gabatarwa

Daga Bebeji da Kiru har zuwa Tudun Wada da Doguwa, kare dabba ce mai aiki. Shi ke gadin rugar makiyayi da dare, shi ke korar birai daga gonar masara, kuma shi ke gaba idan mafarauta sun shiga daji da rani. Kyanwa kuwa ita ce mai tsaron rumbu da ɗakin ajiyar hatsi. Duk da wannan amfani nasu, idan ɗayansu ya kwanta ciwo mai tsanani ba kasafai ake sanin abin da ya kashe shi ba. Labarin da mai shi kan bayar bai wuce ya ce ya ga haɓo, ko dasashi ya yi fari fat, ko fitsari ya koma ja kamar zoɓo, daga nan sai dabbar ta mutu. Akasari akan yanke hukunci cewa wani ne ya sa mata guba.

Wani lokaci gubar ce da gaske. Amma sau da yawa abin da ke ƙarasa dabbar shi ne rikicewar wasu hanyoyi biyu da jiki ke kare kansa da su, wato daskarewar jini da kuma garkuwar jiki. A littafin nazarin halittu na makarantun sakandare kowanne da babinsa, ɗalibi kan haddace wannan ya wuce zuwa wancan. A cikin jikin dabba kuwa a sarƙe suke da juna, ta yadda idan ɗaya ya rikice da wuya ɗayan ya zauna lafiya. Abin da za a faɗa a kan kare da kyanwa a nan, mafi yawansa haka yake ga ɗan Adam.

Yadda Jini Ke Toshe Ɓaraka

Karen da nauyinsa ya kai kilo 15 yana ɗauke da jini kimanin lita ɗaya da ƙwarya-ƙwaryar kwata, domin kowane kilo na jikinsa yana da mililita 80 zuwa 90. Kyanwa ba ta kai haka ba, nata bai wuce mililita 60 a kowane kilo ba, saboda haka jinin babbar kyanwa duka bai cika kofin shayi ɗaya ba. Wannan ɗan jini dole ne ya zauna ruwa-ruwa muddin yana cikin jijiya, kuma dole ne ya zama guda cikin 'yan mintoci a daidai wurin da jijiya ta yanke, ban da sauran wurare.

Manomin rani da ke shayar da gonarsa da ruwan madatsar Tiga ya san abin da ake yi idan gefen magudanar ruwa ya ɓalle. Da farko akan jefa buhunan ƙasa a bakin ɓarakar don a rage ƙarfin ruwa, sa'an nan a bi su da abin da zai ɗaure su kada ruwa ya tafi da su. Haka jiki ke yi. Da zarar jijiya ta yanke sai ta tsuke. Daga nan sai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikin jini, waɗanda masana ke kira filatilet, a nan kuma za a kira su ƙwayoyin liƙi, su manne a bakin raunin, su kira 'yan'uwansu, su taru su yi toshiya. Ɓargo ne ke ƙera su, kuma a jikin kare ba sa wuce mako guda a raye. Lafiyayyen kare yana da su tsakanin 200,000 da 500,000 a cikin kowane mikrolita na jini, wato ɗigon da bai fi kan allura ba.

Toshiyar ƙwayoyin liƙi ba ta da ƙwari. Abin da ke ɗaure ta shi ne wani zare mai suna fibirin. A cikin ruwan jini akwai furotin iri-iri fiye da goma da ake kira sinadaran daskarewa, kusan dukkansu hanta ce ke yin su, kuma suna yawo ne a kwance, kamar masu barci. Idan jini ya taɓa naman da ke wajen jijiya, sai na farko ya farka ya tada na biyu, na biyu ya tada na uku, kowane ɗaya yana tada ɗaruruwa, har a kai ga wani da ake kira furoturombin. Shi kuma idan ya farka sai ya zama turombin, wanda ke yanka wani narkakken furotin mai suna fibirinojin ya mai da shi zaren fibirin. Zaren nan ne ke saƙuwa kamar tarun masunta, ya kama ƙwayoyin liƙi da jajayen ƙwayoyin jini, ya zama gudan jini. A shekarar 1964 ne Macfarlane a Ingila, da Davie da Ratnoff a Amurka, suka bayyana wannan jerin tashe-tashe. Sai da sinadarin kalsiyam aikin ke tafiya, shi ya sa ledar da ake ɗibar jini a asibiti take ɗauke da maganin da ke kama kalsiyam, don jinin ya zauna bai daskare ba.

Akwai kuma birki. Wasu sinadarai aikinsu shi ne kashe turombin da zarar ya bar bakin rauni, wasu kuma su narkar da gudan bayan rauni ya warke. Abin lura a nan shi ne, buhunan ƙasa da zaren ɗauri duka ƙidayayyu ne. Idan an kashe su da sauri fiye da yadda ɓargo da hanta ke mayar da gurbinsu, za su ƙare.

Dafin Kububuwa

Babu abin da ya fi nuna wannan a fili kamar saran kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙaramar macijiya ce da ba ta cika wuce kamu biyu ko uku ba, mai son wuraren duwatsu da kunyoyin gona, kuma ƙasa irin ta gefen dajin Falgore da tsaunukan Riruwai ta dace da ita. Mai karatu zai zaci cewa tun da wanda ta sara yakan yi ta zubar da jini, to dafinta hana daskarewa yake yi. Akasin haka ne. A cikin dafin akwai sinadaran da ke zuwa kai tsaye su tada furoturombin ba tare da wani rauni ba. Da ɗan gari akan ci gari: dafin yana amfani ne da kayan aikin jikin kansa. Cikin 'yan sa'o'i sai a yi ta ƙera ƙananan zaruruwan fibirin a ko'ina cikin jijiyoyi, jiki yana narkar da su, ana sake ƙera wasu, har fibirinojin ya ƙare ƙaf. Daga nan jinin ba zai ƙara daskarewa ba, ko da an zuba shi a kwalba an bar shi ya kwana. Bugu da ƙari, wasu sinadaran dafin suna cinye bangon ƙananan jijiyoyi, saboda haka ga ɓaraka ta samu, ga kuma babu abin toshewa.

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da wannan dafi a Arewacin Nijeriya aka gano shi. Dakta David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun buga sakamakon bincikensu a kan majinyata 115 a shekarar 1977, inda suka tarar jinin kashi 93 cikin ɗari daga cikinsu ba ya daskarewa. Daga wannan aiki ne aka sami gwajin nan mai sauƙi da har yau ake amfani da shi a asibitocin karkara na ƙasashe da yawa: a zuba ɗan jinin wanda aka sara a cikin sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye ta minti 20 ba tare da girgizawa ba, sa'an nan a karkata ta. Idan jinin ya kwarara, dafi ya yi aiki. Dole kwalbar ta zama ta gilashi, domin gilashi ne ke tada sinadaran daskarewa, roba ba ta yi. Likitan dabbobi ma yana iya yi wa kare wannan gwaji.

Kare ya fi kyanwa shiga haɗari. A shekarar 2020 masana a Jami'ar Kwinsland ta ƙasar Ostireliya sun gwada dafin macizai iri-iri a kan ruwan jinin karnuka da na kyanwoyi, suka ga cewa na kare ya fi saurin daskarewa tun asali, don haka dafi ya fi saurin cinye kayan daskarewarsa. Ga kuma bambancin hali: kare da hanci yake binciken abin da ya gani a cikin ciyawa, sai a sare shi a fuska ko a wuya inda jijiyoyi suka yi yawa, ita kuwa kyanwa hannu take kai wa.

Makarin wannan dafi daga garkuwar jikin wata dabba ake samo shi. Akan yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya ƙera sinadaran kariya, sai a tace su daga jininsu. Haka aka yi EchiTAb-G daga tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus daga dawaki a Kosta Rika, da dafin macizan Nijeriya, aka kuma gwada su a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe. Gaskiyar magana ita ce, maganin da mutane ma ba su samu ya wadace su ba, da wuya ya kai ga kare. Amma ko ba a sami makari ba, akwai abin da bai kamata a yi ba. Tsaga wurin sara da reza, ko ga mutum ko ga dabba, buɗe sabuwar ƙofa ce ga jinin da ba shi da abin tsayawa. Ɗaure ƙafa tamau da igiya kuma yakan kashe naman ne kawai.

Idan Jiki Ya Yi wa Kansa Aikin Kububuwa

Abin da ya fi ba likitocin dabbobi tsoro shi ne, jiki yana iya faɗawa irin wannan hali ba tare da maciji ba, kuma a nan ne garkuwar jiki ke shigowa. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Ɗaya daga cikin dabarunsu shi ne killace abokin gaba: idan suka ci karo da bakteriya sai su fito da sinadarin nan da ke tada daskarewa, a saƙa fibirin a kewaye wurin don kada cutar ta bazu. A shekarar 2004 masana a birnin Balin na Jamus sun gano cewa wasu fararen ƙwayoyin suna watsa zaren da ke cikinsu kamar raga don kama bakteriya, daga baya kuma aka ga cewa ƙwayoyin liƙi na taruwa a kan wannan raga. Wannan dabara tana da kyau idan cutar a wuri ɗaya take, kamar a ƙurji. Idan kuwa ta shiga jini ta game jiki, sai a shiga killacewa a ko'ina a lokaci guda.

A koma ga misalin manomi. Da a ce za a kwashe buhunan ƙasar da aka tanada a zuzzuba su a cikin kowace ƙaramar magudana alhali babu inda ya ɓalle, ɓarna biyu za a yi. Gonaki za su bushe don ruwa ba ya isa gare su, kuma ranar da gefen babbar magudana ya ɓalle ba za a sami ko buhu ɗaya ba. Haka ƙananan gudaji ke toshe jijiyoyin ƙoda da huhu da hanta har su gaza, a daidai lokacin da jini ke tsiyaya ta dasashi da hanji da duk inda aka soka allura. Masana na kiran wannan hali daskarewar jini mai game jiki. Ba cuta ce mai zaman kanta ba, kullum a bayan wata cutar take zuwa, kuma ba ta tsayawa sai an kawar da abin da ya tada ta. Likitocin mutane sun ga danginta a shekarar 2020, lokacin da gudajin jini a huhu suka kashe da yawa daga masu fama da cutar korona.

Abubuwa biyu ne suka fi jefa karnukan wannan yanki cikin haɗarinta. Na farko shi ne cutar fabo, wadda ta bayyana a duniya a shekarar 1978, mai sa kwikwiyo amai da zawon jini mai wari. Ƙwayar cutar tana cinye fatar cikin hanji, kuma tana rage fararen ƙwayoyin jini, sai bakteriyar hanji su sami hanyar shiga jini babu mai tare su. Akwai allurar rigakafinta, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na jinya ba. Na biyu shi ne zafi. Zafin jikin kare tsakanin digiri 38 da 39 yake a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya yin gumi irin na mutum, da haki yake fitar da zafi. Karen da aka sa gudu da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, ko aka ɗaure a rana babu ruwa, zafinsa na iya haura digiri 41, inda bangon jijiyoyi ke fara lalacewa. Irin wannan kare yakan farfaɗo bayan an zuba masa ruwa, a ɗauka ya warke, sai kashegari a ga jini a kashinsa.

Maganin Ɓera

Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan maganin ɓera ko shinkafar ɓera ba iri ɗaya ba ne. Wani nan take yake kisa, wani kuwa sai bayan kwanaki, kuma wannan na biyun ne ya shafi darasin nan. Asalinsa daga shanu ne. A shekarun 1920 shanu a Kanada da arewacin Amurka suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci wata irin harawa da ta yi fumfuna. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, shi ya danganta ciwon da harawar, daga baya Karl Link da ɗalibansa a Jami'ar Wiskonsin suka ware sinadarin da ke jawo shi. Daga nan aka ƙera wafarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, kuma daga 1954 likitoci suka fara ba mutane shi da awo don hana gudan jini.

Hanta na bukatar bitamin K kafin ta kammala huɗu daga cikin sinadaran daskarewa, wato na 2 da na 7 da na 9 da na 10. Wafarin da danginsa suna hana hanta sake amfani da wannan bitamin. Waɗanda aka riga aka ƙera za su ci gaba da aiki har su tsufa, shi ya sa karen da ya ci gubar yau zai yi ta wasansa kwana uku ko biyar kafin ya faɗi, lokacin da mai gida ya riga ya manta da garin da ya barbaɗa a bayan buhuna. Jinin kuma akasari a ciki yake zuba, a ƙirji ko a ciki ko a gaɓoɓi, sai a ga dabbar tana numfashi da ƙyar, ko tana ɗingishi babu rauni. Wannan guba tana da makari tabbatacce, wato bitamin K1, amma irin gubar da ake yi yanzu tana daɗewa a hanta, don haka sai an yi kimanin mako huɗu ana bayarwa. Wanda ya tsaya a kwana biyar don ya ga sauƙi, zai ga jinin ya dawo.

Kaska da Garkuwar da ta Juya wa Mai Ita

Kudancin Kano ya fi arewacin jihar samun ruwan sama da ciyawa, kuma da damina da wuya a ɗaga kunnen karen ƙauye ba a ga kaska ba. Jinin da take sha ba shi ne babbar ɓarnarta ba. Jar kaskar kare tana ɗauke da wata bakteriya mai suna Erlikiya, wadda Donatien da Lestoquard suka fara gani a ƙasar Aljeriya a 1935, kuma ta yi suna a ƙarshen shekarun 1960 da ta kashe karnukan sojojin Amurka masu yawa a Biyetnam. Wannan bakteriya a cikin fararen ƙwayoyin jini take zama, wato a gidan masu gadi. Garkuwar jiki, a ƙoƙarinta na kawar da ita, sai ta ƙera sinadaran kariya da ke manne wa ƙwayoyin liƙi, saifa kuma ta riƙa kama duk wanda aka yi wa wannan alama tana hallaka shi. Idan adadinsu ya faɗo ƙasa da kimanin 30,000 sai jini ya fara fita da kansa.

Zubar jinin ƙarancin ƙwayoyin liƙi ta sha bamban da ta maganin ɓera, kuma ɗalibi mai lura zai iya rarrabewa. A nan haɓo ake gani, da ƙananan ɗige-ɗige ja kamar cizon ƙuma a dasashi da cikin kunne da fatar ciki. Idan an gano ciwon da wuri, maganin dokisisaikilin na kwana 28 yakan warkar da shi. Idan ya daɗe, ɓargon kansa yakan daina aiki, kuma a nan magani ba ya cika yin tasiri.

Babesiya ma kaska ce ke yaɗa ta, amma ita a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, kamar yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke yi a jikin mutum. Abin mamaki shi ne, sau da yawa idan an duba jinin karen a madubin likita, ƙwayoyin da cutar ta shiga 'yan kaɗan ne, amma jinin ya riga ya ragu ƙwarai. Dalili shi ne garkuwar jiki ba ta tsaya ga masu cutar ba, ta haɗa har da lafiyayyu. Jar ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 110 tana aiki sai a fasa ta cikin 'yan kwanaki. Dasashi ya yi fari ko ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi ja, saifa ta kumbura. Wannan hali na iya tasowa kuma bayan shan wani magani, ko tare da ciwon daji, ko ma haka kawai. Likita kan gane shi ta hanyar haɗa ɗigon jini da ruwan gishiri na asibiti a kan gilashi: idan ƙwayoyin suka dunƙule kamar tsaki, garkuwa ce ta liƙa su. Gwajin da ya fi wannan inganci Robin Coombs ne ya fito da shi a 1945, kuma shi kansa likitan dabbobi ne, ko da yake asibitocin mutane sun fi kowa cin moriyar gwajin nasa.

A nan ma hanyoyin biyu sukan sake haɗuwa. Da yawa daga karnukan da wannan ciwo ke kashewa ba ƙarancin jini ne ke kashe su ba, gudan jini ne da ke toshe jijiyar huhu, domin ɓaraguzan fasassun ƙwayoyi suna tada daskarewa. Saboda haka likita kan sami kansa yana ba dabbar da jininta ya kusa ƙarewa maganin hana daskarewa, tare da firedinisolon mai danne garkuwa, tare da maganin kashe ƙwayar cutar. Wannan aiki ne na awo da gwaji, irin wanda ake yi a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai al'adar da ta kamata a bari, ta ɗibar Berenil ɗin shanu a yi wa kare da ƙiyasin ido. Maganin yana kashe Babesiya, amma tazarar da ke tsakanin awon da ke warkar da kare da wanda ke lalata masa ƙwaƙwalwa kaɗan ce ƙwarai.

Kyanwa Ba Ƙaramin Kare Ba Ce

Ƙarin jini na farko da tarihi ya tabbatar tsakanin karnuka biyu aka yi shi, a hannun Richard Lower a Ingila a shekarar 1665. Ya yi sa'a da ya zaɓi kare, domin kare ba a haifarsa da sinadaran da ke yaƙar jinin wani karen, sai bayan an ƙara masa sau ɗaya ne jikinsa ke koyon ƙinsa. Kyanwa ba haka take ba. Rukunin jininta uku ne, A da B da AB, kuma mai rukunin B tana ɗauke da sinadarai masu ƙarfi a kan jinin A ko da ba a taɓa ƙara mata jini ba. Ɗan kaɗan daga jinin da bai dace ba ya isa ya kashe ta.

Wannan ne ke bayyana wani abin da akan gani a gidaje. Kyanwa ta haifi 'ya'ya lafiyayyu, su sha nono, kwana ɗaya ko biyu sai wasu su daina sha, fitsarinsu ya yi duhu, su mutu. Idan uwar B ce, muzurun kuma A ne, 'ya'yan da suka gado jinin uba suna shan sinadaran da ke fasa jininsu a cikin dakashi, wato nonon farko. Hanjin jariri a ranar farko kaɗai yake barin waɗannan sinadarai su wuce cikin jini, saboda haka raba su da uwar na sa'a 24, a ba su madarar da ta dace, ya isa ya cece su a haihuwa ta gaba.

Akwai kuma kyanwar da za a wayi gari ƙafafunta na baya sun shanye farat ɗaya, tana kuka, tafin ƙafar ya yi sanyi. Akan ce wani ne ya jefe ta. Sau da yawa ciwon zuciya ne da ta daɗe da shi a ɓoye: jini ya tsaya a wani ɗaki na zuciyar ya yi guda, gudan ya ɓalle ya bi babbar jijiya har inda ta rabu biyu zuwa ƙafafu, ya toshe. Mai tausayi kuma sai ya ɗauko farasitamol ya ba ta. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta, domin tana lalata sinadarin da ke ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyi, har dasashi ya koma launin ƙasa, fuska ta kumbura.

Abin Dubawa, da Gwaji Don Aji

Wanda ya san dabbarsa zai iya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi. Na lafiya ja-ja ne mai haske, kuma idan an danna shi da yatsa ya yi fari, launin kan dawo kafin daƙiƙa biyu. Fari, ko rawaya, ko ɗige-ɗigen jini, duk alamu ne na a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi a ranar, tare da gaya masa ko an sa maganin ɓera a gidan cikin makon, ko an je daji, ko an ba dabbar wani magani. Amma fa karen da halinsa ya sauya, yana dalalar da miyau, ko yana cizon abin da ya samu, kada kowa ya kai hannu bakinsa, domin haukan kare ba shi da magani idan ya bayyana.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga fibirin da idonsu ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A je kwata da kofunan gilashi biyu masu tsabta da 'yan tsinkayen tsintsiya da aka ɗaure wuri ɗaya, kowa da safar hannu, a tari jinin rago ko akuya a lokacin yanka, domin idan an jira a kai shi makaranta zai riga ya daskare. A ajiye kofi ɗaya kada a taɓa. Cikin 'yan mintoci zai zama guda, bayan sa'a ɗaya ko biyu kuma gudan zai tsuke ya fitar da wani ruwa mai launin rawaya, wanda ake kira siram. Kofi na biyu kuwa a riƙa juya shi da tsinkayen ba tsayawa har kimanin minti biyar. Za a ga wani abu ya nannaɗe su, idan an wanke shi da ruwa sai ya fito fari-fari mai talewa kamar danƙo. Wannan shi ne fibirin. Jinin da ya rage a kofin jajayen ƙwayoyinsa na nan, launinsa bai sauya ba, amma ko an kai shi aji an ajiye har a tashi daga makaranta ba zai daskare ba. Sai malami ya tambayi ɗalibai wane irin sakamako wannan jini zai bayar a gwajin minti 20, da kuma abin da ya kamata a ƙara masa kafin ya sake daskarewa.